Dakta Sabri, Mai Neman Wata da Tsakar Rana

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban cibiyarmu, shehunan malamai, dattawan garin Ƙina, Sitt Nawal uwargidan marigayi, 'ya'yansa Hazim da Rabab, da dukkan jama'a: yau kwana arba'in da muka rasa Dakta Sabri Abul-Wafa.

Ya kasance mutum mai tambaya guda. Can ƙololuwar sama akwai wata siririyar iska mai shanye ƙarfin saƙon rediyo. Shi ya ce yadda wata ke jan ruwan teku, haka yake jan wannan iskar, har saƙon ya ragu ko ya ƙaru. Da rana shanyewar ta fi tsanani, shi ya sa kullum ƙarfe sha biyu yana gaban na'urarsa yana awo.

Mun yi masa dariya. Muna karin kumallo a ofis nakan ce, "Sabri, yau ka ga watan naka?" Sai ya ce, "Ci wakenka, Midhat. Kai ko daren sha huɗu ga wata ba ka ɗaga kai."

Ya kasance mai haƙuri da mu fiye da yadda muka cancanta. Awon shekara goma sha tara yake buƙata. A ta sha shida muka rufe tashar awonsa, muka ce ɓata lokaci ne. Ni na sa hannu. Aron tsohuwar na'urar kawai ya nema, ya kafa ta a rufin gidansa.

Sitt Nawal, da ciwo ya hana shi hawa, ke kika riƙa hawa. Wata goma sha huɗu, cikin zafin garin nan. Yana kwance a ɗaki yana cewa, "Nawa ne yau, Umm Hazim?" kina kira masa lambobi daga sama. Kin taɓa ce mini, "Ni ban san me nake rubutawa ba, Dakta. Na dai san in na rubuta yana cin abinci."

Kwana tara bayan jana'izarsa ɗalibansa suka kammala nazarin awon. Jan watan yana nan. Kaɗan ne, amma yana nan, daidai yadda ya faɗa.

Hazim, Rabab, mahaifinku ne da gaskiya. Tun yana kwance na so in je in nemi gafararsa, na yi ta cewa sai ya ji sauƙi. Yanzu taku nake nema, a gaban jama'a.

Mun gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah Ya jiƙan Sabri, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa juriya. Mu kuma da muka makara, Allah Ya yafe mana.