Inuwar da Aka Gani a Huhuna

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Ceto. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Saratu, mai tuyar ƙosai a bakin layinmu nan unguwar New Bell. Yau kam bakina ba zai yi shiru ba!

'Yata Rahila ta haihu bana, jikata ta fari. Na daɗe ina roƙon wannan rana. Saboda bikin suna na je wurin maƙwabciyata Hajiya Binta, na ce ta zuba mini kitso da ƙarin gashi har gadon baya, ta shafe shi da man kaɗanya. Tana yi tana tsokana: "Maman Rahila, ke ce mai jegon ko kakar?" Na ce ta yi aikinta kawai.

To, dama ina fama da tari tun farkon damina. Mijin Rahila ya ce tunda akwai jaririya a gida, gara a duba ni. A wani ƙaramin asibiti aka ce a yi mini hoton ƙirji. Mai ɗaukar hoton yaro ne sa'an ɗana. Ya ce in cire sarƙa da 'yan kunne, na cire. Amma ɗankwali? Ni da girmana in buɗe kai a gaban ɗan cikina? Sai na tattara jelar kitson na cusa ta cikin rigar asibiti ta baya, na tsaya yadda ya ce.

Likita ya ɗaga hoton, ya duba shi da kyau. Can ya nuna mini wata inuwa fara-fara a saman huhun dama. Ya ce, "Maman, wannan bai yi mini ba. Zai iya zama tarin fuka. Za mu gwada kakinki, ki kuma kai hoton babban asibiti. Kafin nan, kada ki kusanci jaririyar."

Wayyo! Tarin nan ne ya ɗauke mahaifiyata a Garwa, ina gani.

Aka yi suna ina leƙe ta taga, da kitsona na gayu a kai. In na ji kukan yarinyar, hannuwana har ƙaiƙayi suke, amma ba dama. Ba zan ɓoye muku ba, na yi fushi da Allah. Na ce, "Ka ba ni jika ne don in riƙa jin muryarta ta bango?" Addu'a ta gagare ni, babban asibitin ma na ƙi zuwa don tsoron abin da zan ji.

Sai ga matan zumunta na cocinmu sun zo da rana tsaka. Na ce su tsaya a bakin ƙofa. Mama Talatu, shugabarmu, ko saurarata ba ta yi ba, ta shigo ta kama hannuna. Ta ce, "Ubangiji, kafin na'ura ta ga ƙirjin nan, Kai ka gina shi. Ka buɗe idon wanda zai duba." Na yi kuka har na gode Allah. Zuciyata ta sauka, washegari na tafi babban asibitin.

Likitar da na tarar mace ce 'yar Arewa, aikinta ke nan karanta hotuna. Ta daɗe tana kallon hoton, sai ta koma kallona. Ta ce, "Maman, tournez-vous, juya in ga bayanki." Ta ɗaga jelar kitsona, ta ce, "Da wannan aka ɗauke ki?" Na ce e, a cikin riga na ɓoye shi.

Ta yi murmushi. "Dubi nan. Inuwar ta wuce iyakar huhu, ta hau har wuya. Ciwon da ke cikin huhu ba ya fita yawo waje."

Aka naɗe kitson a tsakar kaina, aka sake hoton. 'Yan'uwa, fes! Babu inuwa, babu tabo! Gwajin kaki ma ya fito lafiya. Tarin kuwa, ta ce hayaƙin icen tuya ne, ta ba ni magani. Halleluya!

Na hau mashin ina dariya ina hawaye, har mai mashin ya tambaya ko lafiya. Ko takalmi ban cire ba na ce, "Rahila, miƙo mini jikata!" Na rungume ta, na shaƙi ƙanshin kanta. Hajiya Binta ta leƙo ta ce, "Wato kitsona ne ya kusa kashe ki?" Na ce ta zo ta tsefe abinta yau ɗin nan.

Wani zai ce ai dama ba ciwo. Ni na san ramin da na shiga, na kuma san Wanda ya fid da ni. In an faɗa muku mugun labari, kada ku kulle kanku a ɗaki kamar ni. Ku yi addu'a, ku koma wurin likita, ku dogara ga Yesu. Mata kuma, in za a yi muku hoto, ku naɗe kitso sama!

Na gode wa Ubangiji. Ga jikata nan goye a bayana, tana barci. Ku taya ni cewa Amin, amma a hankali, kada ku tashe ta.