Ba Daka Ba Ne

A bencin jira na matanite, asibitin haihuwa, a Damagaram, wata dattijuwa ta dubi kwalin da ke cinyar matar gefenta.

"'Yata, duk allurar nan taki ce?"

"Tawa ce, Inna. Sau huɗu ina ɓari. Likita ya ce jinina ke saurin daskarewa, sai ya toshe wa ɗan hanyar abinci."

"Ba daka ba ne? Ba ɗaukar tulu ba?"

"Ko kusa. Wannan cikin ma ya shiga wata bakwai."

"Allah ya raba lafiya. Ni a Mirriya cewa aka yi daka ya zubar mini da nawa. Har na tsufa ina jin haushin hannayen nan."

"Kawo su nan, Inna. Taɓa, ga shi yana motsi."