Tsohon da Ya Haye Gawo

A tashar motar Madarunfa, wani tsoho ya leƙa wayar ɗalibar da ke gefensa.

"Raƙumin dawa! Na riga kowa ganinsa a ƙasar nan, ɗiyata."

"Anya, Baba? Wannan zane ne da ake saya a waya, da kuɗin ake kare raƙuman dawa masu rai. Dogon wuyansa na nufin hangen nesa."

"Ai ni ya hango! Ina kiwo ya ɓullo, na haye gawo in tsira. Ashe akushinsa na hau. Yana cin ganye dab da kunnena, ina ta salati."

Ta ƙyalƙyace da dariya. "Tabon goshinsa kuma, alamar wanda ya sha wahala ya rayu."

"To, ni ya kamata a zana! Mai musu ya zo in ɗage riga, ya ƙirga tabon ƙaya a bayana."