Albashin Malam Noah a Takardar Ƙosai

Da safe a bakin titin Nasarawo, Noah malamin makaranta yana jiran ƙosai, sai wani mai rataye da jakar kwamfuta ya ja shi da hira.

"Ni akanta ne, Malam. Jiya na yanki inshora. Ko ɓarayin intanet sun kutsa kwamfutata sun kwashe sirrin mutane, kamfani zai biya diyya."

"Madalla. Takardun fa?"

"Wa yake ta takarda yanzu? Buhu uku na sayar, ofis ya sha iska."

Mai ƙosai ta miƙo wa Noah ƙunshinsa. Ya ƙura wa takardar da mai ya jiƙa ido.

"Yallaɓai, ashe kai kake yi wa makarantarmu lissafi? Ga sunana, ga lambar asusuna, ga albashina!"

"Ai wannan ba ta intanet ya fita ba. Inshora ba ruwanta."

"Matata kullum a nan take saye, kuma rabin wannan albashin na faɗa mata."

Noah ya juya da sauri wajen mai ƙosai.

"Mama, bar ƙosan. Takardun nan gaba ɗaya nawa?"