Turmin Hajjo Zai Hau Bene

A tashar Tanout, Hajjo na jiran motar Damagaram ta cika, hannunta a kan turminta. Ba ta iya haƙuri ba, ta taɓo matar da ke gefenta.

"'Yar nan, taya ni murna! Ɗana Zakiyyu ya kama hayar sabon gida a bayan gari. Bene! Ko fenti bai gama bushewa ba."

"Masha Allah, Inna!"

"Famfo har cikin ɗaki! Ni da na tsufa a bakin rijiya, yanzu murɗawa kawai zan yi."

"Kin huta. Wannan turmin fa?"

"Da shi zan hau."

Matar ta kwashe da dariya. "Inna, ba a daka a bene! Akwai mutane a ƙarƙashinki. Garin gero ma a leda ake sayowa."

"Haka Zakiyyu ya ce, wai in bar shi."

"To, ki bar shi mana."

Hajjo ta shafa bakin turmin.

"Ba rijiya, ba awaki, ba daka. To, 'yar nan, in na murɗa famfon, me zan yi har magariba?"