Yadda Na Sha Naushi a Agege Saboda Waƙa

Kuɗin motata zuwa Ikko, akuyar Inna ce. Na ce mata zan je koyon sana'ar atamfa, ta saida jar akuyarta ta ƙulle mini kuɗin a ƙyalle. Ku daina kallona haka, yara. Ai na ga atamfa a can, da yawa ma.

Lokacin soja ke mulki, ni kuma ina ɗaukar buhun siminti a Kalambaina. Mutum kamar ni, da wannan kyan fuska, kullum fari fat kamar an tono ni! Sai wani direba ya kawo kaset na baƙaƙen Amurka, masu zuba magana kan kiɗa ba numfashi. Na saurara na ce, yo wannan ai surutu ne, kuma duk unguwarmu Minanata wa ya fi ni surutu?

A Agege na sauka, gidan wata Bayarabiya, Iya Bose. Kullum ina gwajin waƙa tana dukan ƙofa.

"Malla! Da wa kake faɗa?"

"Iya, fasaha ce."

"Fasaha ta fita waje, jikana na barci!"

Na yi gadi, na yi dako, har na sayi tsohuwar lasifika mai girman akwatin amarya. Na sami wani Oga Tunde, wai shi furodusa. Har yau ban san mi furodusa ke yi ba, ban da cin tsirena. Ya raɗa mini suna Emsi Guguwa, ya sa na juya hula baya, ya ba ni wando mai ɗaukar mutum uku.

Na ce, "Oga, wa zan wasa a waƙar? Wane alhaji?"

Ya ce, "Ba alhaji. Kanka za ka yaba. Ka ce ka fi kowa, ka zagi sauran."

"To wa zai yi mini liƙi?"

"Waɗanda ka zaga."

Nan kaina ya fara juyawa. A garinmu mai kuɗi mawaƙi ke yabo ya samu riga. Amma yabon kai bai taɓa yi mini wuya ba, sai na ce bismilla.

Oga ya ce mu fara da 'yan'uwana Hausawa. Ya samo fili bayan mayanka ranar Lahadi, cike da mutane. Bai tambayi abin da ya tara su ba, ni ma ban tambaya ba, na ɗauka labarina sunka ji. Na ga an yi da'ira, na ga masu kalangu, na ce lallai mutanen nan sun san darajar baƙo.

Na shiga tsakiya, na kama makirfo: "Ni ne Guguwa na Sakkwato! Ba namiji a filin nan sai ni! Wanda ya isa ya fito!"

Wuri ya kaure da sowa. Masu kalangu sunka ɗauka. Na waiwaya na ga Oga yana ta murna. Sai ga wani ƙato ya ratso mutane, baƙi wuluk, hannunsa naɗe da zare. Ya tsaya gabana yana karkarwa. Na ce a raina, kai, waƙa ta ratsa bawan Allah. Na ƙara matsawa kusa da shi: "Kai ɗin wa? Na karya goma irinka!"

Ashe filin dambe ne. Duk wanda ya shiga tsakiya ya yi kirari, to abokin karawa yake nema.

Wani dattijo, sarkin damben wurin, ya kamo hannuna. "Yaro, ina zarenka?"

"Baba, rap nake yi."

"Ko mi sunansa a garinku, ka kira maza, ga namiji ya amsa."

Na nemi Oga Tunde, ko ƙurarsa. Na so gudu, wandon nan ya harɗe ni. Ban ga hannun ba, wallahi. Na dai ga sama ta koma ƙasa, ga haƙorina can yana hutawa shi kaɗai. Makirfo kuwa na nan a bakina, a kunne. Abin da na faɗa, har masu jiran jirgi a tasha sun ji: "Wayyo Inna!"

Da na farfaɗo, dattijon na tsugune gaban lasifikata yana shafa ta.

"Kai ba ka iya dambe ba, waƙar ma Allah ya sawwaƙe. Amma wannan abin yana da murya. Nawa za ka ba mu haya duk Lahadi?"

Haka anka yi. Daga dambe sai biki, daga biki sai wa'azi, lasifika ɗaya ta haifi shida. Na loda su a mota na dawo gida, ga shagon da kuke zaune ciki kuna shanye mini lemo.

Abin da ya ɗaure mini kai har gobe: na sauka tashar Sakkwato da babbar riga, ina jiran a ce ga Guguwa, sai 'yan kamasho sunka haɗa baki, "Wayyo Inna ya dawo!" Direbobi sun riga ni kawo labari. Waƙoƙi nawa na tsara ba wanda ya riƙe ko baiti, sai wannan mai kalma biyu, wadda wani ƙato ya tsara mini da hannun dama.