Kiɗan Gidan Su Fachtna

A tashar motar garin Ennis, wani dattijo ya tsura wa wata budurwa mai koren gashi ido. Tana rataye da jakar goge, tana bin wani kiɗa da fito.

"Ke 'yar nan, wa ya ba ki wannan kiɗan?"

"Namu ne, Baba. Ƙungiyarmu ke yin sa, da ganguna da jita da ihu."

"Ba ihunku na tambaya ba. A garin nan makaɗi kan faɗi a hannun wa ya karɓi kiɗa. Ko sata kuka yi?"

"Sata kuma? Wani tsoho ne ya koya mini a Landan."

"Ƙarya kike. Mu biyu mahaifinmu ya koya wa, ni da ƙanena Fachtna. Shi kuwa shekara arba'in ko wasiƙa bai aiko ba."

"Fachtna Hehir? Ai kullum cewa yake yayansa na jan kiɗan kamar mai rakiyar gawa."

Dattijon ya matso kusa da ita.

"Yana raye ke nan?"

"Shi ke ja mana goge. Asabar muna da wasa a garin Limerick."

"A cikin wannan haukan naku?"

"Ya fi kowa tsalle."

"Uhm. Motar Limerick ɗin, ƙarfe nawa take tashi?"